Zaman da Ciyaman Bai Halarta Ba

An yi wani Ciyaman, Alhaji Barau, da ya kafa dokar hana bandar kifi a bakin kogi. Ƙungiyar mata masu banda ta tura shugabarta, Inna Tabawa, ta kai kuka.

A gaban kansilolinsa Ciyaman ya ce, "Inna, kin makara, an yi zaman jin ra'ayin jama'a. Kawo mini mutum ɗaya da ya ƙi dokar a zaman nan, in soke ta yau."

"Ranka ya daɗe, su wa suka halarta?"

"Ba kowa. Amma mun liƙa sanarwa a bayan ƙofar ofishina. Wanda aka gayyata bai zo ba, ai ya amince ke nan."

"Wannan ƙa'idar ta kowa ce, ko ta talaka kaɗai?"

"Ta kowa ce."

Bayan mako guda Tabawa ta dawo, kansiloli na zaune.

"Ranka ya daɗe, mun yi namu zaman ranar Talata, mun soke dokar. Mun gode da goyon bayanka."

"Ni? Wa ya gayyace ni?"

"Mun liƙa sanarwa a jikin murhun bandarmu. Ba ka zo ba."

"Wane mai hankali ne zai je neman sanarwa a jikin murhu?"

"Wanda zai leƙa bayan ƙofarka. In rashin zuwa amincewa ne, kai ma ka soke dokar. In kuwa ba amincewa ba ne, mu ma ba mu taɓa yarda da ita ba. Zaɓi ɗaya."

Kansiloli suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ciyaman ya ce a sa ranar sabon zama, a yi shela a kasuwa.

Tabawa ta miƙe tana gyara mayafi. "Ka daure ka halarta, ranka ya daɗe, kada ka sake amincewa ba ka sani ba."