Libarbar da Dewey Ya Ce Tana Wajen Gyara

Dewey Pruitt mutum ne da ba ya iya ganin sabon abu a hannun wani ya samu barci. Manomi ne mai 'yan shanu a wani ƙauye na jihar Oklahoma. Ba mugu ba ne, ba mashayi ba, amma idonsa ya fi ƙarfinsa. Kuma yana da wata ɗabi'a da ta fi wannan muni: in ya yi abin da ya san matarsa ba za ta so ba, sai ya lulluɓe shi da 'yar ƙarya, ya ce wa ransa ai don a zauna lafiya ne.

Matar tasa, Lorene, tana da tsohuwar libarba da ta gada daga mahaifinta. Bindiga ce mai nauyi, mai cin harsashi shida, mariƙinta na katako ya yi baƙi don shan hannu. A aljihun tebur take zama, kusa da ƙofar kicin, domin gidansu yana nesa da gari, Dewey kuma wuni yake a waje. Sanyin ƙashi ya lanƙwasa yatsun Lorene har murfin kwalba yana gagarar ta, amma wannan bindiga ba ta gagare ta ba. Takan ɗana ta da gindin tafin hannu, ta riƙe da hannu biyu, ta harba. Tun tana budurwa ta san ta.

In Dewey zai shiga gari yakan ara ya rataya a ƙugu. Wata rana ya leƙa shagon Harlan Tuck mai sayar da bindigogi, Harlan ya dube shi ya yi dariya.

"Mutumina, ƙugunka bai gaji ba? Ga wandonka nan ya karkace gefe guda. Wa ke yawo da guduma a wannan zamani?"

Ya fito da wata ƙaramar bindiga baƙa, siririya, ya ɗora masa a tafin hannu. Dewey ya ji ta sakayau. Ya zura ta a aljihu, ko alama ba a gani.

"Kawo tsohuwar in karɓa, ka ɗan cika, ka tafi da wannan," in ji Harlan.

"Ta Lorene ce fa."

"To je ka nemo izini, ina nan. Ka ce mata na gaishe ta."

Wannan zolaya ita ta ƙarasa shi. Dewey ya san abin da ya kamata ya yi, ya kuma san amsar da zai samu in ya tambaya, shi ya sa bai tambaya ba. Ya kwance libarbar ya ajiye kan teburin shagon, ya fito yana shafa aljihu kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Da ya isa gida Lorene ta buɗe aljihun tebur ta ga wayam.

"Ina bindigar Baba?"

"Na bar ta wajen Harlan. Ya ce akwai abin da ya saki a ciki, zai gyara."

"Ya saki? Ni ban ji komai ba."

"Ke maƙeriya ce? Ga wannan ya ba mu aro kafin nan."

Lorene ta juya sabuwar a hannunta ta ce ya nuna mata yadda ake yi. Irin wannan bindiga sai an kama samanta an ja baya da ƙarfi kafin harsashi ya hau. Dewey ya ja sau ɗaya, ƙaras, ya ce ai ko ƙaramin yaro zai iya. Ya karɓe abinsa tun kafin ta gwada, don ya ga tana duban yatsunta, ba ya kuma so ya ji abin da za ta faɗa.

Makonni suka wuce. Duk lokacin da ta tambaya, yana da amsa a baki: yau Harlan na jiran kaya, gobe Harlan ba shi da lafiya. Ita kuwa sai ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya." Wannan addu'a takan dami Dewey, amma bai fasa ba.

Ran nan yana da sha'ani a ofishin gwamnati, inda ba a shiga da makami. Ya jefa ƙaramar bindigar a aljihun tebur, ba harsashi a bakinta kamar yadda ya saba barin ta, ya tafi. Da azahar ya dawo ya ga motar maƙwabcinsu Virgil Maddox a tsakar gida, ƙofarta a buɗe. Can kusa da garken maruƙa ga wani ƙaton kare kwance a mace, kumfa a bakinsa. Lorene na zaune a kan matakalar gida, an ɗaure mata ƙwauri da tawul, jini ya jiƙa shi.

Virgil ne ya yi bayani. Mahaukacin kare ne ya faɗa wa maruƙa. Lorene ta ɗauko bindiga ta yi ta fama, ta kasa jan samanta. Ta buga wa Virgil waya, amma da ta ji kukan ɗan maraƙi ta kasa jira, ta fita da shebur. Karen ya bar maraƙin ya dawo kanta.

"Da na ƙara jinkiri kaɗan, ban san me zan tarar ba," in ji Virgil. "Allah ya taimaka wannan na cikin motata, da ita na harbe shi."

Sai a lokacin Dewey ya lura da abin da ke kan cinyar matarsa. Libarbar ce, da baƙin mariƙinta.

"Virgil ya ce a shagon Harlan ya saye ta wancan watan," Lorene ta faɗa a hankali. "Ashe an gama gyaran."

Virgil ya cire hula yana murza ta. "Wallahi ban san taki ba ce, Lorene. Cewa aka yi Dewey ya gaji da ita." Bai dubi Dewey ba, kuma rashin duban nan ya fi mari zafi.

Dewey ya buɗe baki, a karo na farko ya rasa ƙaryar da zai ɗauko. Ya ce, "Lorene, na yi niyyar in gaya miki."

"Yaushe?"

Ta miƙa masa hannunta, ya ga farcen babban yatsa ya tsage har tsoka.

"Wannan ba karen ba ne," ta ce. "Abar da ka ce ko yaro zai iya ce. Na tsaya a kicin ina ja, ina ja, ina cewa laifin hannuna ne. Har addu'a nake wa Harlan, Dewey."

Da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi. Virgil ya ce bindigar ta zauna wajenta, ba ya son ko sisi. Dewey ya ce shi zai biya, Virgil ya ce, "Ba da kai nake magana ba."

Suka kai ta asibiti aka wanke ciwon, aka fara yi mata alluran cizon mahaukacin kare. Dewey na tsaye a bakin gado da jakarta a hannu. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi Lorene wanda za a kira in wani abu ya taso, ta ɗan juyo wajen Dewey tana murmushi, don ta ɗauka amsar a fili take.

Lorene ta ce, "Ƙanwata Darla. Bari in ba ki lambarta."

Ma'aikaciyar ta ce, "Maigidan fa?"

"Shi ma yana nan," in ji Lorene. "Amma Darla za ki kira."

Dewey ya sunkuyar da kai yana duban jakar. Sun tsufa tare, sun binne iyaye tare, kuma ya san ba don fushi ta faɗa ba. Ta dai auna ne, ta zaɓi wanda za ta iya dogara da maganarsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada son sabon abu ya sa ka taɓa abin da wani ya dogara da shi, domin abin da ya yi maka nauyi yana iya zama shi kaɗai ne hannun ɗan'uwanka ke iya riƙewa. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya tun da wuri, wanda ka cuta ya san halin da yake ciki ya yi shiri. Ana iya dawo da kayan da aka sayar, amma wanda ka yi wa ƙarya ya yarda da kai, ranar da ya gane, ba lallai ne ya sake jingina da kai ba.