Ranar da Nabilah Ta Mayar da Hula

Akwai wani bawan Allah a nan Abuja mai suna Nazeer, ma'aikaci a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Mutum ne mai tsafta da tsari, kuma yana son a ce ya iya. Duk ranar Asabar yakan kwashi yaran unguwarsu a bas ya kai su wani dutse da ke hanyar Bwari, su hau, su sha iska, su ga itatuwa da tsuntsaye.

Iyaye sun ji daɗin abin ƙwarai. Kun dai san yaran Abuja, daga mota sai aji, daga aji sai waya. A cikinsu akwai wanda bai taɓa ganin gyaɗa a gona ba, a leda ya san ta.

Duk yaron da ya shiga ƙungiyar ana ba shi koriyar hula hana-sallah. Yaran nan suna ji da hular sosai. Wasu har masallacin Juma'a suke son zuwa da ita sai an hana su.

Nazeer yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba ya ɗaukar yaro mai wata lalura. Abin da yake tinƙaho da shi ke nan a gaban iyaye, cewa tun da ya fara ba a taɓa ɗauko masa yaro ranga-ranga daga kan dutse ba. Kuma kullum shi ne a gaba, shi ke fara taka ƙololuwa, a ɗauki hoto a watsa a zauren iyaye na waya.

A bayansa kuwa kullum 'yarsa ce, Nabilah, 'yar shekara goma sha ɗaya. Ita kaɗai Allah ya ba shi. Duk mako ba ta da abin da take jira kamar wannan Asabar, don ita ce ranar da mahaifinta ba ya amsa wayar ofis.

Wata Asabar, ana shirin shiga bas, wata mata mai suna Zuhra ta ja shi gefe. Ita ma ma'aikaciya ce, kuma ɗanta Hanif bai daɗe da shiga ƙungiyar ba.

Ta ce, "Baban Nabilah, gara in faɗa maka don ka sani. Hanif yana da asma. Ga inhela ɗinsa na shaƙa a aljihun jaka. In ka ji yana tari, a bar shi ya zauna ya huta. Likitansa ma ya ce tafiyar za ta yi masa amfani."

Fuskar Nazeer ta canza. Ya ce, "Sorry, Maman Hanif. Ba zan iya ɗaukar wannan risk ɗin ba."

"Ai zan iya bin ku. Ni zan kula da shi, ba sai na ɗora wa kowa ba."

"Madam, doka ce. In na ɗaga wa ɗaya, gobe kowa zai kawo min marar lafiya."

Ya juya ya kira 'yarsa. "Nabilah, karɓo min hular nan a wurin Hanif."

Nabilah ta je. Hanif ya cire hular da kansa ya miƙa mata, bai yi kuka ba, sai dai bai ɗago kai ba. Duk yaran suna leƙowa ta tagar bas. Gaskiya wannan wurin ya ɓata min rai. Da matar nan ta ɓoye maganar, da an tafi da ɗanta. Gaskiyar da ta faɗa ita ta sa aka sauke shi, kuma yaran da ke cikin bas sun fahimci haka sarai.

Zuhra ta yi magana sau ɗaya a zauren iyaye, cikin ladabi. Ba wanda ya goya mata baya, kowa yana tsoron kada a ce shi ma ɗansa yana da wani abu. Nazeer kuwa ya canza sunanta a wayarsa zuwa "Maman Hanif Rigima".

Sai Zuhra ta nemi iyayen sauran yaran da aka mayar a baya. Akwai Amir mai sikila. Akwai Perpetual, zabiya, wadda aka ce rana za ta yi mata illa. Iyayensu mata suka yarda, suka riƙa haɗuwa a motar Zuhra duk Asabar suna zuwa dutsen nan da kansu.

Tafiyarsu daban ce. Sai 'yan bas sun yi nisa suke farawa. Suna tafe da ruwa mai yawa, da malafa, da magungunan kowa. Ba sa kai wa ƙololuwa. Akwai wani falalen dutse a farkon hawa, ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa, nan ne iyakarsu. In sun isa sai Zuhra ta ce kowa ya zauna ya yi tsit na ɗan lokaci, a saurari daji. Bayan nan kowane yaro ya faɗi abin da ya ji, ko kukan kurciya, ko motsin ƙadangare a busasshen ganye.

In Nazeer ya hango su daga sama sai ya yi dariya ya ce wa samari biyun da ke taimaka masa, "Ga ayarin asibiti can sun iso."

Ana nan, sai Nabilah ta fara jin ƙirjinta yana ɗaurewa in ta yi gudu a makaranta. Tari ya biyo baya. Mahaifiyarta ta tambaye ta, ta ce mura ce. In tarin ya taso mata a gida sai ta shige banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji. Yarinyar tana da wayo, ta riga ta gane abin da ke damunta, don irin tarin Hanif ne. Ta kuma san abin da ake yi wa mai irin wannan tarin, tunda da hannunta ta karɓi hular.

Ranar da abin ya faru, gab da faɗuwar damina ne, manoman ƙauyukan Bwari suna sharar gona. Hayaƙin ƙone-ƙonen ya kwanta a gindin dutsen. Nazeer ya duba ya ce ba komai, da sun hau sama za su wuce shi.

Nabilah ta ce, "Daddy, yau da ƙawayena zan tafi."

Ya ce to, ya yi gaba. Samarin nan biyu ma suka bi shi, kowa yana son ya fito a hoton farko. Ba babba ko ɗaya a baya, kuma haka suka saba tafiya tun farko.

Suna wuce falalen nan kaɗan, numfashin Nabilah ya fara sarƙewa. Ta ce wa ƙawayenta su je, igiyar takalminta za ta ɗaure. Da suka ɓace mata, maimakon ta tsaya a kan hanya inda za a gan ta, sai ta ratse ta zagaya bayan wani ƙaton dutse ta durƙusa. So take tarin ya lafa ba tare da kowa ya gani ba. Bai lafa ba. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta ta buɗe baki za ta yi kira, muryar ta ƙi fita.

Can ayarin Zuhra suka iso ƙarƙashin ɗorawa. Saboda hayaƙin, ta riga ta yanke cewa ba za su daɗe ba. Amma yaran suka roƙa a yi sauraron daji ko kaɗan ne kafin a juya. Kowa ya zauna ya yi tsit.

A cikin shirun nan Perpetual ta ce a hankali, "Anti, akwai wani tsuntsu yana fito a can sama."

Zuhra ta kasa kunne. Ta san wannan sautin, ta sha jin sa a ƙirjin ɗanta. Ta miƙe da sauri ta bi inda yake fitowa.

Ta tarar da Nabilah a jingine da dutse, leɓɓanta sun fara canza launi, hannunta ɗaya ya damƙe hular a kanta. Zuhra ta zaunar da ita sosai, ta sassauta mata wuyan riga. Ta san ba a ba wa mutum maganin wani, amma asibiti yana da nisa kuma yarinyar tana ƙarewa a gabanta. Ta yi bisimilla ta sa mata inhelar Hanif a baki.

"Ja a hankali, 'yata. Ina nan. Sake ja."

Maman Amir ta karɓi wayar Zuhra ta yi ta kiran Nazeer. Yana sama yana jera yara don hoto. Ya duba ya ga "Maman Hanif Rigima", ya yi tsaki ya mayar da wayar aljihu. Ta sake kira, ya kashe ƙarar.

Da numfashin ya ɗan sassauta, Zuhra ta cire mayafinta ta goya yarinyar, suka gangara da ita zuwa mota.

A can sama an gama jeri, Nazeer ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ya ga gurbin da ke gefensa babu kowa. Ya tambayi ƙawayenta, suka ce tun ƙasa ta tsaya ɗaure takalmi. A lokacin ne ya buɗe saƙon da aka turo masa: Nabilah ba ta iya numfashi, an tafi da ita asibiti a Bwari.

Waɗanda suka ga saukowarsa sun ce faɗuwa yake yana tashi. Ya isa asibitin da gwiwar wando a yage, tafin hannunsa duk jini.

Likita ya ce masa asma ce, kuma ba yau ta fara ba. Ya ce da an ƙara jinkiri, da maganar da za su yi daban ce. Nazeer ya zauna a kan benci. Zuhra tana gefe, ba mayafi, rigarta duk ƙasa. Ya kasa haɗa ido da ita.

Da aka ba shi izinin shiga, ya tarar da Nabilah a kwance da abin shaƙar iska a fuskarta. Mahaifiyarta ta iso, tana riƙe da ƙafarta tana hawaye. Ya durƙusa a bakin gadon.

"Mamana, me ya sa ba ki faɗa min ba? Me ya sa kika ɓuya?"

Nabilah ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro koriyar hular, ta miƙa masa.

"Ga ta, Daddy. Na san dokar. Ba sai ka aiko a karɓa ba."

Nazeer ya kifa kansa a kan katifar ya yi kuka mai sauti, bai damu da ma'aikatan jinya da ke wurin ba. Sai a ranar ya gane abin da dokarsa ta yi. Ba ta kawar da ciwo daga cikin yaran ba, koya musu ɓoye shi ta yi. Kuma wadda ta fi kowa riƙe karatun ita ce 'yarsa.

Da ya fito ya tsaya a gaban Zuhra. "Maman Hanif, ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba."

Ta ce, "Ni ba ka yi min komai ba, Baban Nabilah. Allah ya ba ta lafiya. Amma akwai wanda ka cire wa hula a gaban abokansa."

Bayan an sallami Nabilah ta murmure, Nazeer ya tara iyaye ya ce ya soke dokar. Ya roƙi duk wanda ɗansa ke da wata lalura ya faɗa, ba wanda za a mayar. A nan aka sha mamaki. Iyaye da dama suka ɗaga hannu, wani ɗansa yana da farfaɗiya, wata 'yarta ba ta ji da kunne ɗaya. Duk sun daɗe suna hawa dutsen nan a bayansa, bai sani ba.

Aka sake tsari. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, kuma ba a barin kowa a bayan na ƙarshen. Kowane yaro an san abin da yake buƙata da inda maganinsa yake. In akwai hayaƙi ko rana ta yi zafi da yawa, a fasa hawa. A ƙarƙashin ɗorawa kuwa kowa sai ya zauna an saurari daji. Gurbin babban da ke ƙarshen layi kuwa Nazeer ne ya ɗauka wa kansa, kuma har yau bai sake fitowa a hoton ƙololuwa ba.

Asabar ɗin da aka koma, ya tsaya a ƙofar bas riƙe da huluna. Ya ba wa Amir, ya ba wa Perpetual. Da ya zo kan Hanif sai ya durƙusa a gaban duk yaran, ya ba shi haƙuri, ya sa masa hular da hannunsa.

Hanif ya taɓa hular, amma bai shiga motar ba. Ya ce, "Uncle, in na yi tari fa?"

Nabilah tana tsaye a gefe, tata inhelar a rataye a wuya inda kowa zai gani. Ita ma ta zuba wa mahaifinta ido tana jiran amsa.

Nazeer ya ce, "In ka yi tari, ka yi da ƙarfi in ji. Sai mu tsaya gaba ɗaya mu jira ka."

Darasi: Kare yaro ba shi ne a bar shi a baya ba. Duk inda faɗin gaskiya ke sa a kori yaro, yara za su koyi ɓoye ciwonsu, kuma ciwon da aka ɓoye shi ne ya fi haɗari. Iyaye, malamai da masu kai yara yawo, ku tambayi yaro abin da yake buƙata, ku yi masa tanadi, ku sa babba a bayan na ƙarshe. Iska da daji na kowane yaro ne. Ku tura wannan labari ga iyaye da malaman da kuka sani, wataƙila akwai yaron da ke ɓoye tarinsa a gidansu.