Shaidar Rigar Falke

A zamanin da, a wani birni mai ganuwa da ƙofofi bakwai, an yi wani sarki ana kiransa Tunau. Ba azzalumi ba ne, sai dai akwai shi da saurin fushi, kuma in ya furta magana ba ya son a ce masa ya sake tunani. Cikin shekara ta tara ta sarautarsa kisan fatake ya yi yawa a birnin. Yau a tsinci gawa a bayan kasuwa, jibi a bakin kududdufi, in an tambayi 'yan unguwa kowa ya rantse bai ga komai ba. Madugu Jatau, shugaban fatake, ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce in ba a yi wani abu ba ayari zai sauya hanya.

Sarki ya fusata, ya sa sankira ya zaga gari da shela: duk wanda aka tarar da gawa mai rauni a ƙofarsa ko a cikin gidansa, jinin yana wuyansa. Ko dai ya fito da mai kisan cikin kwana uku, ko Hauni ya sare kansa a bakin kasuwa.

Waziri Barmo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido."

Sarki ya ce, "Waziri, tsufa ya fara koya maka tsoro." Waziri ya sunkuyar da kai.

Kisa kam ya ragu, gaskiya ɗaya ce. Amma abin da ya tsiro a gurbinsa, ni mai ba da labarin nan ko faɗinsa na zo yi sai in ji kamar in tofar da yawu. Mutum ya yi tuntuɓe ya fashe goshi, sai ka ji ana rufe ƙyamare har ƙarshen lungu. Wanzamai suka daina karɓar mai rauni a zaurukansu. Magidanta suka koyi share ƙofar gida da sassafe, ba don tsabta ba, sai don su duba abin da aka yar musu.

Ana nan, ran wata Laraba cikin bazara, dogarai suka kamo wata tsohuwa mai dakau, sunanta Tasalla, daga wata 'yar bukka a gindin ganuwa. An tarar da gawar wani falke mai gishiri a ɗakinta, da rauni a cinya. Maƙwabtanta, waɗanda ta shekara talatin tana daka musu gero, su ne suka yi tseren kai ƙararta. Tir da irin wannan maƙwabtaka!

Ran kwana na uku fada ta cika. Aka zaunar da Tasalla a tsakar fili, Hauni yana tsaye a bayanta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina daka da rana tsaka na ji ana jan abu a ƙasa. Na leƙo, sai ga mutum biyu sun yar da shi a ƙofata sun ruga. Yana numfashi. Na ja shi inuwa, na ba shi ruwa. La'asar ba ta yi ba ya cika. Iyakar abin da na sani ke nan."

Madugu Jatau ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, doka doka ce. Tun da aka kafa ta ba mu binne falke ba sai wannan. In an sassauta wa tsohuwa yau, gobe ƙato zai soke mutum ya ce shi ma ruwa ya ba shi."

Alƙali Masoro ya ce, "Ba a ɗaukar rai da zato. Wa ya ga wuƙa a hannunta? Ku dubi hannun nan da taɓarya ta cinye. In muka kashe ta, mun sanar da gari cewa tausayi laifi ne."

Sarkin Dogarai Gwadabe ya yi tsalle ya dire, ya ce, "Allah gafarta Malam, littafi daban, gari daban! Talaka ba ya jin wa'azi, tsoro yake ji. A sare ta mu huta!" Duk fadar nan ba wanda ya kai shi ɗaga murya.

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Sai Waziri ya ce, "Zaki, saura shaida ɗaya ba a kira ba, kuma ita ba ta tsoron Hauni. Amma kafin ta shigo, a ba ni izini in gwada wasu mutum uku." Sarki ya ba shi.

Aka kirawo Sarkin Maƙera da Sarkin Marina da Sarkin Pawa, shugaban mahauta. Waziri ya fito da ƙyallaye uku masu dauɗa, ya ce, "Ana cewa masu sana'ar birnin nan sun lalace, har ba su gane dattin wurin aikinsu. Ku ƙaryata mai faɗi."

Sarkin Maƙera ya murza nasa, ya yi dariya. "Wannan ai gawayi ne da kashin maƙera, na ƙofar maƙerarmu."

Sarkin Marina ya ce, "Nawa katsi ne, wanda muke kwasowa daga gindin rijiyar rini. Ko a mafarki na san shi."

Sarkin Pawa ko dubawa bai yi ba, shinshinawa kawai ya yi. "Dattin tumbin shanu ne, na mayanka."

Waziri ya tafa hannu, aka shigo da rigar mamacin, wadda ya karɓo daga masu wankan gawa. Ya shimfiɗa ta rub da ciki. Bayanta ya yage saboda ja, ga kuma gurabe uku da aka yanke da almakashi. Ya mayar da kowane ƙyalle gurbinsa, ya zauna daram. Dariya ta ɗauke daga fuskokin mutanen nan uku, suka zube suna tuba.

Ashe maƙera sun tarar da falken kwance a iyakarsu yana nishi, suka kama ƙafafunsa suka ja shi zuwa marina. Marina suka ja shi zuwa mayanka. Mahauta suka ja shi zuwa ƙofar tsohuwar da ba ta da ɗa ba ta da miji. Da rana tsaka, a idon jama'a, kamar mushen jaki! Kowace unguwa da rijiyarta, amma ba a sami wanda ya jiƙa masa leɓe ba.

Sarki ya kau da kai don ƙyama, ya ce, "Hauni, ga wuya uku maimakon ɗaya."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a jinkirta. Maƙera ma kawo musu shi aka yi." Waziri ya kwance wani ɗan ƙulli, ya zuba abin da ke ciki a gaban Sarki. "Wannan masu wanka suka fitar daga can cikin raunin, ƙarƙashin gawayi da katsi."

Farin rairayi ne. Ƙasar birnin nan kuwa ja ce daga ƙofa zuwa ƙofa. Wuri ɗaya tak ake ɗauko wa farin rairayi daga gulbi a kan jakuna ana shimfiɗawa, shi ne ƙofar fada.

Sarkin Dogarai, mai tsalle ɗazu, ya kife a ƙasa. Ya ce falken yana wucewa ta ƙofar fada aka busa kakaki, takarkarinsa ya firgita ya soke shi da ƙaho. Shi da dogaransa kuwa suka ji tsoron a ce an tsinci gawa a ƙofar Sarki, suka ja shi zuwa maƙera. Ba ɓarawo, ba wuƙa, ba gaba da kowa. Rauni ne wanda da an kira wanzami ya ɗaure, da mutumin yana kasuwa yana sayar da gishirinsa.

Sarki ya daɗe yana duban rairayin nan, sa'an nan ya ce, "Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Malam, a ƙofata ya faɗi. Yanke mini hukunci."

Alƙali ya ce, "Ba hannunka ya kashe shi ba, ranka ya daɗe, amma kai ka ɗaure hannuwan da za su cece shi. Diyyarsa tana kanka, dokar kuwa a binne ta."

Madugu ya ce a sanyaye, "To, masu kisa fa, in suka dawo?"

Waziri ya ce, "Sai mu neme su da ƙafa da bincike, kamar yadda ya kamata mu yi tun farko. Ya fi wuya, shi ya sa muka guje masa."

A ranar sankira ya zaga ya soke doka. Aka tuɓe Gwadabe. Aka sa shi da sarakunan sana'ar nan uku su haƙa rijiya da hannunsu a ƙofar Tasalla. Rigar kuwa Sarki ya hana a wanke ta, ya sa aka rataye ta a zauren shari'a, daidai inda idonsa zai riƙa sauka in ya zauna.

Da aka kwance Tasalla, Sarki ya ce, "Iya, kafin ya cika bai bar wasiyya ba?"

Ta ce, "Bai bari ba, ranka ya daɗe. Ludayi biyu ya sha, ya dube ni ya ce, 'Iya, garin nan babu mutane ne?'"

"Me kika ce masa?"

"Na ƙara masa ruwa."

Nan na tsinci labarin, nan kuma na ajiye shi. Allah ya kiyashe mu da dokar da za ta sa mu ja ɗan'uwanmu ta ƙafa.