Ɗiyar Bakanike da Taraktar Mijinta

Akwai wani direban tarakta a Malanville mai suna Abdulbaƙi. Taraktarsa ƙarama ce, ja, kuma da bazara kowa nemansa yake don ya sassabe busasshiyar ciyawa kafin ruwa ya sauka.

Matarsa Barakatu ɗiyar bakanike ce. A garejin mahaifinta ta tashi, tana miƙa masa sifana tun ba ta kai tsawon taya ba. Tana gane ciwon inji daga kukansa. Amma a gidan mijinta ba ta isa ta yi maganar ƙarfe ba.

Wata Laraba wani Alhaji Sumaila ya kira Abdulbaƙi aiki a gonarsa da ke Toumboutou. Ciyawa ta kai ƙugu, ta bushe ƙayau. Da rana ta take, Barakatu ta hau kabu-kabu ta kai masa shinkafa da kifi.

Tun daga bakin gona ta gane akwai matsala. Injin yana kuka a shaƙe, ga warin ƙarfe mai zafi. Da mijin ya tsaya ya karɓi kwano, ta leƙa gaban taraktar. Ragar da iska ke bi ta sanyaya lagireto, wato tankin ruwan inji, ta toshe da ƙaiƙayi da ƙarangiya. Allurar zafi kuwa ta taɓa ja.

Ta rage murya ta ce, "Baban Amira, injin ga ba ya shan iska. Ka bar shi shi huce, in share ragar. Ciyawa irin wagga, kowace awa sai an tsaya an kakkaɓe. Sauran ka ƙarasa gobe da sanyin sahe."

Da su biyu ne, wataƙila da ya ji. Amma Alhaji Sumaila yana zaune a gindin gawo, ya ji komai. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Ashe mai gareji na cikin gida, kai yaron mota ne!"

Fuskar Abdulbaƙi ta canza. Ya ce, "Ke, mi kika sani? Shekara tara ina bisa ƙarhen ga. Tahi gida."

"Don Allah, ko ba ka tsaya ba, in ruwan ya tafasa kada ka taɓa murfin lagireto."

"Na ce ki tahi!"

Ko abincin bai ci ba, ya haye ya ƙara wuta. Barakatu ta kasa tafiya. Ta tsaya a bakin hanya tana ta salati a ranta.

Zagaye uku ya yi, tururi ya fara fita, injin ya mutu. Ya diro a fusace, ya ga Alhaji yana kallonsa. Ya naɗe hularsa a hannu ya kama murfin lagireto.

Barakatu ta ruga tana ihu, "Kada ka buɗe!"

Ya riga ya murɗa. Tafasasshen ruwa ya yi tsiri ya watsu a fuskarsa da ƙirjinsa. Ihun da ya yi, har makiyayan da ke hayin fadama sai da suka ji. Ita ce ta yi ta kwarara masa ruwan jarka, ita ta riƙe shi a bayan babur har asibiti.

Ya yi kwana ashirin da shida a kwance. Idon hagu ya tafi, na dama yana ganin dishi-dishi. Alhaji Sumaila ya zo dubiya sau ɗaya, washegari ya kira wani direba ya ƙarasa masa gonar.

Barakatu ba ta taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba. Ita ke wanke ciwon, ita ke ba shi koko a baki.

Ranar da aka sallame shi, ya zauna a kan tabarma a tsakar gida ya ce a kawo masa Amira, ɗiyarsu mai shekara uku, wadda kullum ke tarbarsa a ƙofa. Yarinyar ta zo da gudu. Da ta ga fuskar, ta ja da baya, ta fashe da kuka, ta ɓuya a bayan zanen uwarta.

Ya bar hannayensa a miƙe na ɗan lokaci, sannan ya sauke su. A hankali ya ce, "Barakatu, ba ni rawani in ruhe, kada in ƙara tsorata ta." Ta kawo. Tana naɗa masa ya kama hannunta ya ce, "Ki yahe mini."

Ta ce, "Na yahe tun a gona."

Darasi: Gaskiya ba ta raguwa don ta fito daga bakin wanda ka raina, kuma mai yi maka dariya ba zai ɗauki ciwonka ba. Direbobi, ku riƙa tsayawa kuna share ragar inji, kada ku buɗe lagireto sai ya huce. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana aiki da inji, ko Allah zai sa ya tsira da idonsa.