Kafin Ruwa Ya Ɗauke

Ranar da na fara ganin Zaharaddini muna tsinkar gyaɗa ne a gonar babanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Bagwai. Abokin yayana Nababa ne, ya zo taya mu aiki. Yana zama ya fara ba mu labarin wani fim da ya tsara. Muka ci abincin rana, inuwa ta juya, har lokacin ba a haifi jarumin ba, muna kan kakansa. Mata suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don muryarsa ta shiga raina, ban kuwa gaya wa kowa ba.

Allah ya ba Zaharaddini baiwar labari, amma girman kai ya haɗu da ita. A ganinsa taƙaita labari wulaƙanta shi ne. Da yake na koya wa kaina karatu da tsofaffin littattafan Nababa, ni yake kawo wa rubutunsa in duba. In na ce, "Yaya Zaharaddini, wai fim ɗin nan a kan me yake?" sai ya ce, "A kan rayuwa, Tahira. Kin taɓa ganin an juye rumbu a ludayi?" Ga shi kuma da tsoron kada ya faɗi inda labari ya dosa, wani ya sace masa.

Da damina ta zagayo, mahaifinsa ya gaji. Ya ce in aka kai kaka babu wanda ya karɓi labarinsa, Zaharaddini zai tafi Dawanau ya zauna a shagon hatsin kawunsa, maganar fim ta ƙare.

Ana cikin haka sai 'yan fim suka zo daga Kano ɗaukar wani shiri a gonakinmu. Mai shirya fim ɗin wata dattijuwa ce, Hajiya Ummu Salma. Ran nan da hantsi ruwa ya tsinke musu, ta fake a zaurenmu. Nababa ya ruga ya kira abokinsa, ya gaya mata yana da labarin fim, ni kuma aka ba ni fura in kai wa baƙuwa. Na ajiye, na tsaya daga bakin ƙofa.

Hajiya ta ce, "To malam marubuci, ruwan nan na ɗaukewa zan tashi. Gaya min a jimla ɗaya. Wa nake bi, me yake so, me ya tare shi, me zai rasa in ya kasa?"

Zaharaddini ya gyara zama. "Hajiya, labarin nan ya fi ƙarfin jimla ɗaya. Can a da, an yi wani mutum mai shanu..."

"Shi ne jarumin?"

"A'a, kakansa ne."

"Allah ya jiƙan kaka. Kai ni wurin jikan."

"Muna zuwa wurin, Hajiya, ki dai yi haƙuri."

Nababa ya taka masa ƙafa, bai kula ba. Ya bi auren kakan, ya bi rabon gado, ya bi wata tsohuwar gaba a kan iyakar gona. Ni kuwa idona na kan indararo, ina ganin ruwan na raguwa.

Hajiya ta katse shi. "Ɗana, bar duk wannan. Ina labarin ya dosa?"

"Wannan kam sai mun yi yarjejeniya. Kin san halin mutane."

Ta yi murmushi, ta ajiye ludayi. "Ni ma akwai waɗanda zan je in shawo kansu kafin a kunna kyamara. Abin da ba zan iya maimaita musu a waya ba, ba zan iya ɗauka ba. Mai sayen hatsi ma sai ya huda buhu ya ga ƙwaya." Ta leƙa waje, ruwa ya ɗauke. Ta gode min da fura, ta fita. Da suka gama aikinsu suka koma Kano, ba ta ƙara nemansa ba.

Kaka ta yi, aka kai amfani gida, mahaifinsa bai sauya magana ba. Da safen ranar da Zaharaddini zai tafi, na fito kai niƙa na same shi a bakin titi da jakarsa, yana jiran mota.

Ya ce, "Tahira, tsaya ki ji. Wani mai haƙar rijiya ya rantse ba zai ƙara shiga rami ba tun da ƙasa ta rufta da ƙaninsa. Sai rijiyar garinsu ta ƙafe, mutane suka fara ƙaura, kuma shi kaɗai ya san inda ruwa yake."

Duk karatun da na yi wa rubutunsa, sai ranar na ga fim ɗin a idona.

Na ce, "Yaya, me ya hana ka gaya wa Hajiya haka?"

"Na ɗauka in na faɗa a gajarce za ta raina shi." Ya sunkuyar da kai. "Yanzu kuma wa zan gaya wa? Buhunan gero?"

Mota ta tsaya, kwandasta na kiran Dawanau. Na daɗe ina riƙe da magana a raina, na ga in ban faɗa yanzu ba, ni ma motar za ta tashi ta bar ni da ita. Na ɗaga murya yadda zai ji.

"Ni za ka gaya wa. Na yi maka alkawari zan jira ka, kuma duk labarin da ka tsara, ni zan fara ji."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai sauraro ba ya jiran ka gama zagaye. In kana da labarin fim, ka san jaruminka, abin da yake so, abin da ya tare shi da abin da zai rasa, ka iya faɗar su a numfashi ɗaya tun kafin a tambaye ka. Taƙaitawa ba ta rage darajar labari, ita ce ke nuna ka san shi. Wanda girman kai ko tsoron sata ya sa ya ɓoye zuciyar labarinsa, zai wayi gari yana riƙe da shi shi kaɗai.