Sunan 'Yar Lantana

Ku gyara zama, ni ba zan maimaita ba, bayana ciwo yake.

Lantana matar Tanimu tela sau uku tana haihuwa, sau uku ana binnewa kafin suna. Jinjiri zai zo lafiya lau, sai cibiya ta kama zubar jini, shi ke nan. Da ta samu ciki na huɗu ko zanen goyo ba ta saya ba. Ta gaji, wallahi, kowa ma ya gaji da zuwa mata gaisuwa. Ta haifi mace, Tanimu ya yi alkawarin in yarinyar ta kai kwana bakwai, sunan wadda ta cece ta za ta ci.

Baba Tasalla ungozoma ita ta wanke gawawwakin ukun nan. Tana yi wa sabuwar jaririyar wanka ta ga ɗigo-ɗigo ja a cinyarta, irin wanda ta gani a jikin na baya. Dangi suka ce ƙurajen zafi ne, a shafa hoda. Tsohuwa ta naɗe 'yar a zane, ta ja ƙafarta mai sanyin ƙashi har asibiti, ana binta da cewa ta fiye rigima.

A asibiti aka ce ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini ne suka ƙare wa yarinyar, sai an ƙara mata. Tanimu ya naɗe hannun riga, wa ya fi uba kusa? Hansatu, mai aiki a ɗakin gwajin jini, ta hana. Ta ce ƙwayoyin nan kowa da tambarin da ya gada. Yarinyar ta gaji na ubanta, jikin uwar kuwa ya ɗauke shi baƙo, ya yi ta kashe su tun tana ciki.

"Naka ne ma ba zai zauna ba, Malam," in ji ta.

Tanimu ya zage ta tas. Ita Lantana jininta ya yi ƙasa, ba a isa a ɗiba ba. Hansatu ta yi wuni biyu a tsaye tana gwada jinin masu ba da gudummawa, mutum ashirin da shida, kafin ta samu ɗaya da ya dace.

Jinin na Marka ne, mai tuyar waina a tasha, wadda ba ta san su ba, ba su san ta ba. Matar nan allura kawai ta gani sai jiri ya kwashe ta, sau ɗaya ta taɓa ba da jini, shi ne aka tarar a ajiye a asibitin, ta rantse ta daina. Aka je aka same ta gaban tanda. Ta yi tsaki, ta sauke, ta biyo su. Sau biyu ana ɗiba, tana kawar da kai tana hawaye. Jinin cibiya ya tsaya.

Ranar suna liman ya zauna, goro na jira. Tanimu ya leƙa ɗaki ya tambayi Lantana sunan wa za a sa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ku sa kowanne. Ni dai in kira, a amsa."

To, ku da bakinku bai gaji ba, Tasalla, Hansatu, Marka: sunan wa ya kamata liman ya raɗa?