Hular da Tumba Ta Ɗinka wa Ɗan Farinta

Dalilin da ya sa hular nan mai kunnuwa biyu da kakanku yake sawa idan ɗari ya shigo, wadda ake ce wa haɓar kada, ƙyallenta mafi kyau yake ta ciki ba ta waje ba, shi zan gaya muku yau. Ku ja bargo ku rufe ƙafafunku, a bar ture-turen nan.

A da can hula ba ta da kunne. Kifa ta kawai ake yi a ka kamar ƙoƙo. Idan sanyi ya kankama, masu sarauta da manyan malamai su naɗa rawani, tsofaffi da marasa lafiya su nemi tsohon zane su ɗaure kai har haɓa. Samari kuwa sai haƙuri, don saurayi ya fi son a gan shi yana karkarwa da a gan shi ɗaure da tsumma.

To, a bakin wani babban gulbi akwai wata tunga da ake kira Tungar Faru. A nan wata mata take zaune, sunanta Tumba. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗanta Arzika da kwalekwale guda. Arzikan nan shi ne ɗan farinta. Yanzu kunyar ɗan fari ta yi sauƙi, amma a zamaninsu uwa ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Tumba tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mai kwalekwale". In tana da magana da shi sai ta bari yana kusa, ta gaya wa tukunya ko akuya, shi kuma ya tsinta.

Arzika mai fito ne, shi yake ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kuma duk tungar ba ɗan kwalisa kamarsa. Rigarsa ta sha shuni ta sha bugu, idonsa ba ya rabuwa da kwalli, hularsa kullum a karkace ta gefen dama. Mata masu zuwa cin kasuwa sukan bar kwalekwalen da ya cika su jira nasa, wai ya fi tsabta. Idan Tumba ta hango shi daga inda take wanki yana tsaye yana tuƙi, sai ta sunkuyar da kai ta ƙara dukan zanen da ke hannunta, don kada a ga fuskarta.

Ana nan, wata shekara Allah Ya kawo ɗari irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Iskar kan ruwa kuwa ba irin ta tudu ba ce, tsinke gare ta. Arzika yana idar da sallar asuba zai sauka gulbi, iskar nan ta yi ta sokar kunnuwansa har hantsi. Kunnen hagu ya fara ciwo, ya kumbura, ya yi ruwa, daga nan ya toshe. Na dama ma ya soma ƙugi. Mutane su tsaya a ƙetare su yi ta ƙwala kira, "Mai fito! Mai fito!" shi yana zaune yana gyara hula, bai ji ba.

Magana ta kai ga Sarkin Ruwa, wanda shi ke da ikon cewa wane ya tuƙa, wane ya sauka. Ya kira Arzika ya ce, "Yaro, ubanka abokina ne, amma rayukan mutane ba na wasa ba ne. Wanda ba ya jin kira ba zai ji hucin dorina ba. In ɗarin nan ya wuce kunnenka bai buɗe ba, ka ajiye filafilin tuƙi ka nemi fartanya."

Wanzami ya zo ya duba, ya ɗiga masa mai mai ɗumi, ya ce, "Magani na yi, amma sai ka rufe kunnen nan daga iska. In ba haka ba, na dama ma zai bi ɗan'uwansa."

Rawani dai ba nasa ba ne, ba a naɗa shi komai ba. Saboda haka washegari ya daure ya ɗaura wani tsohon gyauto a ka, ya sauka gulbi. Kaico, wanda ya fara yin kiciɓis da shi Nomau ne, ɗan gwaggonsa, taubashinsa abokin wasansa, wanda bakinsa ba ya raga wa kowa.

Nomau ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Barka da arziki, mai jego! Mace aka samu ko namiji? Yaushe ne suna, mu zo cin tuwo?"

Bakin gulbi ya ɗauki dariya. Arzika ya fizge gyauton ya wurga cikin ruwa. Da ya koma gida da yamma ya zauna a tsakar gida dafe da kunne, ya ce, "Wallahi gara in kurumce da in sake zama abin dariyar Nomau."

Tumba tana bakin murhu. Ta kalli tukunya ta ce, "Ke tukunya, ke ma da murfi ake rufe ki, ba wanda ya ce kin yi muni."

Ya ce, "Inna, tukunya ba ta da taubashi."

Da uwar wani ce, da ta kama shi ta zaunar, ta yi masa faɗa, ta yi kuka in ya ƙi. Ita ba ta da wannan hanyar. Ta yi alwala ta yi sallah, ta daɗe a zaune tana roƙon Allah Ya nuna mata dabara. Abin da ta fahimta shi ne, yaron nan ba rufe kunne yake ƙi ba, tsumma yake ƙi. In abin ya zama hula, ai hula ce.

Kashegari ta ɗauko saƙi baƙi mai kauri ta yanka hula. Maimakon ta tsaya a goshi kamar yadda aka saba, sai ta bar mata leɓe biyu masu tsini, ɗaya ta kowane gefe, da za su sauko su rufe kunne har muƙamuƙi. Ta ɗinka, ta kara a kuncinta ta ji. Saƙin ya yi kaushi, zai goge kunne mai ciwo ya ƙara masa azaba. Dole a yi masa shafi da abu mai laushi.

Ta zazzage kayanta kaf. Abu mai laushi guda ɗaya ta mallaka a duniya, wani jan zane na alharini da aka kai ta ɗakin miji da shi, tana ajiye da shi a ƙasan adudu. Ta shimfiɗa shi a cinya ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce bismillahi, ta sa wuƙa.

Duk jan ƙyallen nan ta ciki ta sa shi. Ta bi bakin da ƙananan ɗinki, ta tura, ta danne, har ba ko zare ɗaya ja da ke leƙowa. Tana yi tana cewa a ranta, "Kada a ce Tumba ta zubar da kunya, tana yi wa ɗan fari ado." Wanda ya ga hular daga waje, baƙa ce ƙirin, ba ta da wani abin kallo.

Saura yadda za a yi ya saka. Ta san in ta miƙa masa zai ce a'a. Sai ta jira ya tafi masallaci da asuba, ta kwashe hulunansa duka ta tsoma a ruwan wanki, ta rataye sabuwar a ƙusar da yake rataye hula.

Ya dawo ya duba, ya fito yana cewa, "Inna, ina hulunana?"

Ta kalli akuya ta ce, "Kayan wasu sun yi dauɗa, an jiƙa. Wanda ke sauri ga wata can a rataye."

"Wannan mai leɓunan? Inna, so kike Nomau ya kashe ni?"

Namiji kuwa ba ya fita kai ba hula, ga ranar kasuwa ce, mutane na jira. Ya kifa ta yana gunaguni, ya fita. Gari bai gama wayewa ba, bai ma lura da cikinta ba.

Sai da ya kai tsakiyar gulbi ya ankara da wani abu. Iska na bugun fuskarsa kamar kullum, amma kunnuwansa suna kwance cikin ɗumi, wani abu mai santsi yana lallashin wurin ciwon. Ya yi sawu ya dawo, ya sake yin wani, bai ji sokar nan ba.

Da rana ta ɗaga, bakin gulbi ya cika da 'yan kasuwa. Arzika na matsowa gaɓa ya hango Nomau tsaye, ya riƙe ƙugu yana jira. Cire hula ba dama. Sai dabara ta zo masa, ya kama leɓunan nan biyu ya naɗe su sama, wai don ta koma kamar hular kowa.

Yana naɗewa, jan alharinin nan ya fito fili, rana ta dake shi. Baƙar hula, ga ja ta dama ga ja ta hagu, sun miƙe tsaye suna walƙiya. Shi bai gani ba, tunda a kansa take. Ya dai ga mutane sun yi tsit suna kallonsa, ya ce a ransa shi ke nan, yanzu za a fashe.

Nomau ya zuba wa hular ido. Can ya ce, "Kai, wannan kuma fa? Kamar kada ya wage haɓa!" Aka ɗan yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don shi kansa Nomau ya matso yana leƙe. Ya rage murya ya ce, "Don Allah taubashi, wane gari ka saye ta? Ara mini ranar Juma'a mana."

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kare ido da hannu ta duba da kyau. Ta ce, "La ilaha illallahu! Wannan ai zanen auren Tumba ne. Ni na yafa mata shi da hannuna."

Arzika ya sunkuya ya kalli inuwarsa a ruwa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ɗan karkata hular ta gefen dama, ya miƙe tsaye sosai.

Kafin azahar mata sun cika gidan Tumba. "Ashe haka kike, Tumba? Mu muna cewa ba ki san yaron nan yana duniya ba!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ni ƙyalle mai laushi na rasa. Ku bar ni."

"To mun bar ki, amma sai kin nuna mana yadda ake yankan."

Daga ranar Arzika bai sake fita ba hular nan ba. Da asuba ya sauke leɓunan su rufe kunne, rana ta yi ya ɗage su ya yi kwalisarsa. Kumburi ya saɓe, ruwan ya tsaya. Amma ko ji ya dawo? Wannan ba wanda ya sani, Sarkin Ruwa kuma bai janye maganarsa ba.

Ɗari na gab da wucewa aka yi rasuwa a ƙetare, Tumba ta bi mata suka tafi gaisuwa. Ta tsaya taya su aiki, har sauran suka dawo suka bar ta. Da la'asar sakaliya ta iso gaɓa ita kaɗai. Iska na kaɗawa, gulbi ya yi faɗi, masu fito duk suna can ɗaya gefen zaune gaban Sarkin Ruwa ana hira, ciyawa ta kare ta ba mai hango ta. Ita ba mai ɗaga murya ba ce, kuma wanda za ta kira ba ta iya kama sunansa. Ta ɗan yi gyaran murya ta ce, kamar mai magana da na kusa da ita, "Mai fito."

A can ƙetare Arzika ya ɗaga leɓen hagu, ya karkata kai. Ya miƙe ya ɗauki filafili.

Sarkin Ruwa ya ce, "Ina zuwa?"

"Ana kira, ranka ya daɗe."

"Wa ya ji kira a cikinku?" Masu fito suka dubi juna, ba wanda ya ji. Nomau ya ce, "Ƙugin kunnensa ne ya dawo."

Arzika ya ce, "Muryar Inna ce." Ya tura kwalekwale.

Suna zaune suna kallo har ya ƙetare, ya kutsa cikin ciyawa, ya fito da mace zaune a gaba ta juya masa baya. Sarkin Ruwa ya yi murmushi ya ce, "Da kunnen da ya mutu ya ji ta. Wannan filafili nasa ne har ya tsufa."

A tsakiyar ruwa Arzika ya ce, "Inna, na gode. Allah Ya saka da Aljanna."

Tumba ba ta waiwayo ba. Ta kalli gulbi ta ce, "Kai gulbi, gaya wa masu hula Allah Ya yi musu albarka. Kuma ta yi musu kyau."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi masa, kuma har suka isa gaɓa bakin mayafinta na kan bakinta, don kada a ga tana murmushi.

Shekara na zagayowa, duk saurayin da ke tungar yana da irin hular, sunan da Nomau ya laƙaba mata kuma ya bi ta gari gari. Matan da suka koya a hannun Tumba ba wadda ta sauya yadda ta yi, baƙi ko fari a waje, mai kyaun a ciki. Shi ya sa har yau idan kuka ga haɓar kada a sauke ba za ku ce tana da wani ado ba, sai mai ita ya ji ɗumi ya ɗage kunnuwanta, sannan ku ga abin da aka ɓoye masa.